Kwanon da Na Ƙi Buɗewa a Tanut

A Dungas na fara gane cewa tafiyar nan ba ta kwana biyu ba ce kamar yadda na faɗa wa Inna. Da hantsi na sauka daga motar da ta kwaso mu daga Maigatari, ƙafata ɗaya ta sage saboda buhun da aka ɗora mata tun daga kan iyaka, na ɗingisa zuwa wajen masu canji. Wanda na samu ya karɓi nairata yana washe baki, ya ƙirgo mini sefa da sauri kamar wanda ake kora. Sai da na zauna na sake ƙirgawa na ga dubu biyu babu. Na koma masa. Wai shi bai taɓa ganin fuskata ba. Ni da ko minti goma ba a yi ba ina tsaye a gabansa! Na ce Allah ya isa, na saɓa jakata na yi gaba.

Sunana Auwalu, mutumin Sule Tankarkar. Aikin sola nake yi, in haɗa wa mutum faranti da batir, ko in zura masa injin jawo ruwa a rijiyar burtsatse. Ba ni da shago, ba ni da ubangida, ba mai ba ni albashi. Wayata ce ofishina. A kira ni in je in yi aiki, a biya ni, in dawo gida. To wannan "a biya ni" ɗin shi ya fitar da ni ƙasar mutane.

Wanda nake bi sunansa Alhaji Lawali, ɗan kasuwar shanu ne mutumin Nijar, duk Alhamis yana Maigatari. Yana da garka kusa da Dungas, ya gaji da sayen man inji, ya ce in haɗa masa sola. A kan tabarmarsa, a gaban mutanensa, ya dube ni ya ce, "Injiniya, nawa za ka yi mini?"

Ni kuma uban 'yan kunya na sunkuyar da kai na ce, "Haba Alhaji, ai kai uba ne. A yi aikin tukuna."

Haka aka rene mu. Ba ka duban babba tsakar ido ka yanke masa kuɗi kamar mai sayar da barkono. Kai ka yi kawaici, shi kuma ya ji nauyinka ya ba ka fiye da abin da za ka nema. Na ga Baba, Allah ya jiƙansa, yana yin haka, kuma bai taɓa faɗuwa ba. Abin da ban lura ba shi ne, Baba da mutanen da ya sani tun suna yara yake yi.

Kafin alƙalamin da Alhaji ya ba ni ko kuɗin bututu da waya bai kai ba. Don in sayo faranti da injin a Kano sai na jinginar da gonar Baba ga maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma. A gaban shaidu aka yi magana: in na dawo masa da kuɗinsa kafin ruwan shuka ya sauka, gona ta dawo hannunmu. In kuwa ruwa ya sauka ya zuba iri, to amfanin shekarar nasa ne. Gonar nan ita ke ci da mu, ni da Inna da matata da 'ya'yana biyu. Inna ba ta hana ni ba. Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta faɗa. Cewa kawai ta yi, "Kai dai ka dawo da ita kafin ruwa ya sauka."

Da sanyi na gama aikin. Ranar da ruwa ya ɓulɓulo Alhaji ya yanka rago, ya yafa mini babbar riga a gaban jama'a, ya ce mu haɗu Alhamis a Maigatari. Alhamis ta zo, wai shanu ba su yi kasuwa ba. Ta gaba, wai yaransa ba su kawo kuɗi ba. Daga nan sai a waya: yana hanya, yana wajen jana'iza, ba ya jina sosai. Can kuma ya daina zuwa Maigatarin gaba ɗaya. Wata biyar ana wannan yawo da hankali, har bazara ta kama, gabas ta fara yin duhu da yamma.

Daga cikin Dungas na hau kabu-kabu zuwa garkar. Wallahi da na hango ta sai da raina ya ƙara ɓaci, don aikin ya yi kyau fiye da yadda nake so a wannan rana. Albasa ta yi shar, tanki cike, injina na ta aiki ko tari ba ya yi. An ma jawo bututu waje an yi kwami, ga shanun makiyaya a jere, ga mata da jarkoki. Mai gadin garkar ya gane ni, ya ce Alhaji yana Damagaram, ya kwana biyu bai leƙo ba.

Akwai sufana a jakata, kuma ba don ado na ɗauko ta ba. Ƙaramin akwatin da ke sarrafa injin ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da shi, ni na ɗaure su da hannuna. In na cire shi na tafi, ruwa ya tsaya, Alhaji da kansa zai neme ni. Na zaro ta, na tsaya a gaban akwatin ina huci. Sai wata tsohuwa ta matso ta miƙo mini ruwa a ƙwarya, ta ce in sha, ta ga alamar daga nesa nake. Ba ta san ni ba. Ta nuna farantan da haɓa ta ce, "Wanda ya haɗa mana abin nan, Allah ya yi wa uwarsa albarka. Da sai mu kwana a bakin rijiya."

Na ce amin. Me zan ce? Na shanye ruwan, na mayar da sufanata, na fita ina zagin kaina a zuci.

Damagaram kuwa, kwana huɗu na yi a cikinta, kuma ban taɓa cin abinci a rayuwata kamar na kwanakin nan ba. Gidan Alhaji ba ɓoyayye ba ne. Ina yin sallama ya taso ya rungume ni kamar ɗansa da ya dawo daga Makka.

"Ikon Allah! Injiniya da kansa! Ku zo ku ga yaron da ya fito mini da ruwa daga rana. Maza a kawo masa abinci!"

Aka kawo shinkafa da miya, nama har yana faɗowa. Na ci, don yunwa nake ji. Ina wanke hannu na gyara murya na ce, "Alhaji, dama batun..."

"Sha furarka tukuna, ɗana. Baƙo da gajiya ba ya magana."

Na sha fura. Aka kira la'asar, muka tafi masallaci tare, ni na fito ta ƙofar da muka shiga, shi ya fita ta wata. Washegari haka, jibi haka. Zaurensa kullum cike da baƙi, kuma duk lokacin da na buɗe baki sai a ajiye mini kwano a gaba. Ka ci naman mutum yanzun nan, maiƙonsa bai bushe a hannunka ba, ta yaya za ka ce masa ya biya ka a gaban baƙinsa? Ciki ya yi nauyi, baki ya mutu. Ina ƙiba ina ƙuna.

A rana ta uku na tare shi shi kaɗai yana shiga mota. Na ce, "Alhaji, don Allah kuɗin aikina. Gonar gidanmu na jinginar."

Bai ko sha mur ba. Dariya ya yi ya dafa kafaɗata. "Wane kuɗi muka yanke da kai, ɗana? Da bakinka ka ce ni uba ne, mutane sun ji. Ban yanka maka rago ba? Ban sa maka riga ba? To amma ba komai, zan duba maka wani abu."

Zai duba mini wani abu! Kamar wanda ya zo roƙo. Na tsaya motar ta bule ni da hayaƙi. Kwana ɗaya bayan nan na tashi da safe aka ce mini Alhaji ya wuce Tanut gidan mahaifiyarsa, zai ci kasuwa a can. Amma ya bar saƙo a ba ni abin kari.

A ranar matata ta kira ni, ta ba Inna wayar. Inna ba ta iya doguwar magana a waya ba, ihu take yi kamar ina bayan gari. Ta ce an yi yayyafi a Gagarawa, nan kusa da mu, jiya. Ta ce ta ga Malam Ɗanjuma ya fito da sungumansa yana gyara musu ƙota. Ba ta tambaye ni ko na samu ba. Ta ce, "Kana cin abinci dai ko?" Na ce ina ci. Wallahi kamar in fashe da kuka don haushi.

Na tafi tasha neman motar Tanut, sauran kuɗina kaɗan. Na zauna a benci wajen wani dattijo mai shayi na ce a ba ni ba madara. Ya tsaya da buta a hannu yana kallona.

"Kai yaro, daga ƙasar Gumel kake?"

Na ce Sule Tankarkar.

"Allahu Akbar! Ni ɗan Ɗanzomo ne."

Baba Haruna sunansa. Ya ce tun yana saurayi ya shigo Damagaram da niyyar yin rani ɗaya, ga shi har gemu ya yi fari. Ya zuba mini madarar da ban nema ba, ya yanko burodi, ya shiga tambayata garinsu: ko tsamiyar bakin kasuwa tana nan, ko har yanzu ana fama da yashi a hanyar. Ina ba shi amsa ina jin ƙamshin tuwon Inna a hancina. Kwana biyar kacal da barin gida, amma ji nake kamar na shekara.

Da na kwashe labarina na faɗa masa, bai ce Alhaji mugu ne ba, bai ce in kai ƙara ba. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Ka ci abincinsa?"

"Kwana huɗu ina ci, Baba."

"Tabɗi! To ai kai ka ɗaure kanka. Kwana huɗu kana baƙo, yaushe ka zama mai bin bashi?" Ya ajiye buta ya zauna kusa da ni. "Saurara. In ka je Tanut kada ka zage shi, kada ka ɗaga murya, kada ma ka ambaci kuɗi. Ka shiga zaure ka gaishe shi da ladabi. In an kawo kwano ka yi godiya, ka yi addu'a, amma kada ka buɗe. A mayar da shi cikin gida yadda ya fito."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ruwa ka sha, wannan na Allah ne. Mutumin da ke taƙama da ciyar da baƙi, zagi ba ya taɓa shi. Amma kwanonsa ya koma a rufe, a gidan uwarsa? Je ka gwada."

Ya ƙulla mini dabino a leda ya ce in riƙa ci a ɓoye kada in faɗi. Na miƙa kuɗin shayi ya harare ni, ya ce in na ƙara zai mare ni.

Hanyar Tanut ba ta da abin kallo. Itatuwa na raguwa, zafi na ƙaruwa, mu goma sha wani abu a motar da aka yi don mutum tara. Abin da ya fi damuna sararin sama ne. Fes yake, ko gajimare ɗaya babu, sai ya ruɗe ka ka ɗauka damina tana da nisa. Ni kuwa na san mu a kudu take fara sauka. Duk tafiyar da motar ke yi arewa, nesa take kai ni da gonar.

Gidan mahaifiyar Alhaji na ƙasa ne, tsoho, mai faffaɗan zaure. Na samu Alhaji da baƙi kusan goma, fatake da masu raƙuma. Da ya gan ni fuskarsa ta ɗan motsa, sannan ya saki dariyar nan tasa.

"Kai! Injiniya, har nan? Wannan yaro akwai zumunci. A kawo masa abinci!"

Aka kawo. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce, "Na gode, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya saka wa masu girki." Na ajiye kwanon a gefe, na naɗe hannuwana.

"Bisimilla mana."

"Alhamdu lillahi, Alhaji."

"Azumi kake?"

"A'a."

"Ba ka jin daɗi ne?"

"Lafiyata ƙalau."

Ya dube ni, na dubi tabarma. Aka gama ci, aka kwashe kwanuka, nawa ya koma da murfinsa. Da yamma aka kawo tuwo, ya koma. Da safe aka kawo kunu da ƙosai, suka koma. Ni kuwa in an idar da salla sai in zagaya bayan masallaci in tauna dabino uku kamar ɓarawo, in kora da ruwa. Ban taɓa sanin yunwa tana da ƙarfi haka ba sai da na zauna kusa da abinci ina kallonsa. Na tsine wa kunyata, na tsine wa ranar da na koyi aikin sola, har Baba Haruna sai da na yi wa guntun tsaki a zuci.

Da azahar ta biyu Alhaji ya ɗauko babban makami. Gasasshen naman rago aka shigo da shi a tire, da albasa da yaji, aka dire shi daidai gabana. Cikina ya yi wata ƙara da na tabbata kowa ya ji. Na haɗiye yawu, na yi godiya, na kau da kai.

Akwai wani tsohon Buzu mai raƙuma da ke gefen Alhaji, tun jiya yake kallona ta saman rawaninsa. Ya kai hannu zai ɗauki nama, sai ya janye. Ya ce, "Lawali, ni ba na ci baƙo na zaune yana kallo. Yaron nan ba mahaukaci ba ne. Me ke tsakaninku?"

Alhaji ya ce, "Ƙuruciya ce kawai, ku ci."

Ba wanda ya ci. Ɗaya bayan ɗaya suka janye hannu. Tiren nan ya koma cikin gida cike, ko yanka ɗaya ba a taɓa ba. Alhaji na ta danna waya yana zufa. Ba a jima ba wata mata ta leƙo ta ce Hajiya, mahaifiyar Alhaji, tana kiran baƙon da ba ya cin abinci.

Hajiya 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune kan buzu a inuwar rumfa, carbi a hannu, ga tiren a gabanta. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa da sakin fuska ba.

"Tun ina amarya ake dafa wa baƙi a gidan nan," in ji ta. "Kwano bai taɓa komo mini a rufe ba sai a kanka. Me na yi maka?"

Na ce ba ta yi mini komai ba. Na faɗa mata duka, garkar da injin da gonar Baba da sharaɗin ruwan shuka. Ban ƙara ba, ban rage ba.

"Uwarka tana da rai?"

"Tana nan, Hajiya. Ita ke jirana."

Ta juya ga matar nan ta ce, "Kira mini wancan."

Mutumin da na yi wata biyar ina nema ya shigo ba takalmi, ya tsuguna a bakin rumfa kamar ɗan makaranta. Ya fara bayani, shi fa ba a yi ciniki da shi ba, shi ya tambaya yaron ya ƙi faɗa, akwai shaidu.

Hajiya ta ce, "Shi kunyarka ya ji bai faɗa ba. Kai kunyar wa ka ji?"



Ta juyo kaina. "Kai kuma faɗi kuɗinka. Da ƙarfi, kunnena ba ya ji sosai."

Kun san abin haushi? Ko a nan sai da harshena ya sarƙe. Wallahi na ji bakina yana shirin cewa duk abin da Alhaji ya ga ya dace. Ta gane. Ta buga carbinta a buzu ta ce, "Ka ga irinta ko? Kai ma da naka laifin. Ka jinginar da abincin uwarka, sannan ka zo kana sunkuyar da kai. Faɗi!"

Na faɗa. Kuɗin kaya kaza, kuɗin aiki kaza, na cire kafin alƙalami. Alhaji bai musa ko ɗaya ba, ashe ya san farashin komai sarai. Sai dai ya ce a cire kuɗin rago da na riga. Rigar da ya yafa mini a gaban jama'a ana tafi! Na ce a cire, ni dai a sallame ni. Ya ce to sai gobe in ya sayar da shanu a kasuwa, yanzu ba shi da tsaba a hannu. Hajiya ta ce goben ta kawo shi nan gabanta. Sannan ta turo mini tiren da ƙafa ta ce, "Ci, ina kallo." Na ci har sai da na ji kunya.

Ranar Talata da la'asar ya ƙirga mini sefa a gaban uwarsa, fuska a murtuke, bai ƙara ce mini ɗana ba. Na ƙirga sau biyu. Mota ba ta tashi sai safiya, na kwana da kuɗin ɗaure a cikina.

Laraba da rana na iso Damagaram, na biya wajen Baba Haruna in yi masa godiya. Ya yi murna har da tafi. Sannan ya ce, "To maza, kada ka tafi da su a jiki. Ga wani mai canji can, amintacce ne, na san shi. Ka ba shi nan, ya buga wa ɗan'uwansa waya a Maigatari, kafin la'asar kuɗin na hannun mai jinginar."

Mai canji? Ni da aka yi wa wankin ido a Dungas kan dubu biyu, in ɗauki gonar mahaifina sukutum in miƙa wa wani mai canjin? Na ce a'a, Baba, da hannuna zan kai, gobe war haka ina gida. Ya dubi sama, ya dube ni, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Motarmu ta lalace sau biyu. Ba mu shiga Dungas ba sai gab da magariba, motocin Maigatari duk sun tashi. Ina tsaye a tasha ina cigiyar ko mai babur, iska ta juyo da sanyi. Na ɗaga kai. Gabas da kudu sun haɗe baƙi ƙirin. Mutane suka fara murna, ana ta hamdala, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na raɓe a rumfar kwano, hannuna a kan kuɗin, ina kiran wayar matata ba ta shiga. Astagfirullah, ban taɓa jin haushin ruwan sama ba sai ranar.

Alhamis da sassafe na tsallaka. Na canza kuɗin a Maigatari wajen mutumin da na sani, na hau babur. Duk hanyar Sule Tankarkar gonaki cike da mutane, maza na sara da sungumi, mata na bi suna zuba iri. Na ce wa mai babur kada ya kai ni gida, ya wuce da ni gona.

Tun daga nesa na hango su. Malam Ɗanjuma da mutum biyu a gaba suna sara, sun ci fiye da rabin gonar. Mata huɗu na biye da ƙoƙuna, suna jefa gero suna rufewa da diddige. Malam Ɗanjuma ya gan ni ya tsaya, ya jingina da sunguminsa.

"Auwalu, sannu da hanya. Wallahi na jira har rana ta fito. Na aika gidanku aka ce ba labarinka. Danshin nan kuwa in ya wuce ya wuce."

Na san gaskiya ya faɗa. Na zaro kuɗinsa na ba shi a gaban mutanen, ya ƙirga, ya ce gona tawa ce daga kaka, in ya kwashe amfaninsa. Ban yi musu ba, da bakina na yarda da sharaɗin.

Sai a lokacin na dubi matan sosai. Ta ukunsu, mai baƙin zane, ta ɗan karkata a tafiya saboda ciwon ƙugu. Inna ce.

Na taka kunyoyin na isa wajenta. Na ce, "Inna, me kike yi a nan? Ƙwadago? A gonar Baba?"

Ba ta ɗago ba sai da ta rufe ramin da ke gabanta. Ta ce, "Yana neman masu zuba iri, na ce a sa da ni. In zauna a gida wata ta zo ta watsa mata iri yadda ta ga dama? Ni na san inda ruwa ke kwanciya a gonar nan." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ka rame. An ba ka?"

"An ba ni."

"To alhamdu lillahi. Karɓi nan, bayana ya gaji."

Ta miƙo mini ƙoƙon. Na ajiye jakar kayan aikina a gindin gawo, na tuɓe takalmi, na shiga layi bayan sungumin Malam Ɗanjuma. Inna ta zauna a inuwa tana yi mini faɗa daga nesa, wai ina cika iri, wai ban taka da kyau ba. Muka gama bayan azahar.

Malam Ɗanjuma ya tara ma'aikata a bakin gona yana sallamar kowa. Da ya zo kaina ya ce, "Kai nawa za a ba ka, rabin yini ka yi?"

Na buɗe baki, na ji tsohuwar maganar nan tana tahowa. Inna na kallona. Na haɗiye ta, na dube shi tsakar ido na faɗi kuɗin rabin yini. Ya ƙirga ya ba ni nan take, ko kwabo bai rage ba. Na damƙa wa Inna, ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce mu biya ta kasuwa mu auno gero.